Filin Bayan Gidanmu

Daren Talata

Yau a nadi, wato zauren ƙungiyarmu ta ƙwallo, an yi ta gardama har isha. Samari sun ce filin bayan gidanmu ya yi wa ƙungiya kaɗan, a koma babban filin Wad Haddad. Na ce Baba fa? Tun da idonsa ya tafi, daga kan gado yake bin ƙwallo da kunne. Haruna, ɗaya daga cikin samarin, ya ce, "Kai malam, don tsoho ɗaya za mu zauna?" Suka rinjaye mu.

Da na faɗa wa Baba, sai ya ce, "To, ran Juma'a ka zo ka ba ni labari. Amma daga farko, kar ka fara da wanda ya ci."