Muryar Kaka za ta ɗauke a ƙarshen wata

Zuwa ga Inna Tomoe,

Ki taimake ni, don na rasa wanda zan gaya wa. Shekarata goma sha uku, ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Takaoka. Ban iya magana da mutane ba, ko a aji aka kira sunana sai in sunkuyar da kai, shi ya sa na rubuto. Kakata ce take karanta filinki na ba da shawara a jarida duk Lahadi. Da ƙarfi take karantawa tana musu da ke, wani lokaci ta ce kin yi gaskiya, wani lokaci ta ce, “Wannan matar ba ta taɓa zama da suruka ba.” Ta rasu a watan Oktoba. Yanzu mu biyu ne a gidan, ni da Mama.

Muna da wata tsohuwar sifika mai jin magana a kan akwatin takalma, kusa da ƙofa. Kawu Shigeru, ƙanin Mama, shi ya saya wa Kaka don ta riƙa tambayar yanayi da kunna rediyo. Da farko ta ƙi ta, ta ce ba ta son baƙon da ke sauraron mutane bai gabatar da kansa ba. Daga baya har hula ta saƙa mata saboda sanyi, kuma in sifikar ta gaya mata za a yi dusar ƙanƙara sai Kaka ta ɗan rusuna ta ce ta gode.

Sifikar tana gane muryar kowa a gidan, kuma ana iya ajiye wa kowa gaisuwarsa. Da safen ranar da za a kwantar da Kaka a asibiti ta kira ni na nuna mata yadda ake yi. Ta ce gida ba ya zama a ce “na dawo” a ji shiru. Ta ɗauki tawa gaisuwar da muryarta a gabana. Har yau in na buɗe ƙofa na ce na dawo, sai muryarta ta fito: “Sannu da dawowa, Ɓera. Gyara takalman nan, ba kasuwa ba ce.” Ɓera take ce mini saboda ba a jin motsina. Akwai ɗan tari a ƙarshe, shi ma ya shiga.

Da ta gama tawa sai ta aike ni sayen tofu, wato awara, ta ɗauki ta Mama ita kaɗai. Da na dawo ta ce, “Ta uwarki ma tana ciki. Kada ki gaya mata, bari ta ji da kunnenta.” Na ce to. Ta sa na ɗaura ƙaramin yatsana da nata, alamar alkawari.

Inna, Mama ba ta taɓa ji ba. Lokacin jinya a asibiti take kwana. Tun da aka dawo daga jana'iza kuma ta daina cewa ta dawo. Da yamma in ta taso daga wurin aiki, ƙarar makulli kawai nake ji, sai ƙarar leda, sai famfo. Ta kwashe kayan Kaka duka ta sa a kwali, har kofin shayinta. Tana sa shinkafa da turare a gaban hoton Kaka kowace safiya, amma ba ta kallon hoton, na lura. In wani ya ambaci Kaka sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya, ko da babu komai a wuta.

To yanzu kamfanin da ya yi sifikar ya aiko sanarwa cewa zai rufe hidimar a ƙarshen wannan watan. Bayan nan ba za ta ji ba, ba za ta amsa ba, duk abin da aka ajiye zai tafi. Mama ta karanta ta ce, “Ke kike hira da ita, ke za ki zaɓo sabuwa. Kada dai ki ɗauko mai tsada.” Ba ta san abin da ta ɗora mini ba.

Na yi ƙoƙari, na karanta abin da mutane suka rubuta a kan guda uku. Akwai doguwa mai sauti mai kyau, an ce kiɗa a cikinta kamar kana wurin, amma ita ce mai tsadar, kuma mu ba ma jin kiɗa yanzu. Akwai mai allo, tana nuna girki da lokacin jirgin ƙasa, ana kiran waya a ga juna, amma tana da kyamara, Mama kuma ba za ta yarda ido ya zauna a ƙofarta ba. Akwai ƙarama mai araha, kamar curin shinkafa, an ce tana kunna na'urar ɗumama ɗaki tana tara ruwan wanka, amma wasu sun ce sai ka ɗaga murya take ji. Tamu ta saba da ni, ko raɗa na yi tana ji. Ban san ko akwai wadda za ta sake jin irin muryata ba.

Ranar Asabar na je shagon kayan lantarki da ke kusa da tasha. Na zagaya wurin sifikun har ƙafata ta gaji kafin wani ma'aikaci ya zo. Ya ce, “'Yar malama, gwada mana, ai ba sa cizo.” Na ce wa doguwar, “Na dawo.” Ta ce ba ta ji ba, a maimaita. Na maimaita, ta karanto mini labarin wasan ƙwallo. Wata mata da ke kusa ta juyo, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Da kyar na tambaye shi ko ana iya kwashe muryar da ke cikin tsohuwa a zuba a sabuwa. Ya je ya tambayo, ya dawo yana ta rusunawa, ya ce kowane kamfani nasa yake riƙewa. Sai ya ce kada in damu, mai allon tana da muryoyi da yawa, har da ta dattijuwa. Ya danna. Wata tsohuwa da ban sani ba ta ce mini sannu da dawowa cikin ladabi irin na ma'aikatan banki. Na fita da gudu, ko godiya ban yi masa ba. Mutumin kirki ne, har yanzu ina jin kunya.

Na kira Kawu Shigeru, sai na kasa faɗin ainihin maganar. Ya ce, “Ɓera, rediyo ce fa, ba kare ba. Ɗauki mai allo ki riƙa ganin kyakkyawar fuskata kyauta.” Na yi dariya don ya ji daɗi, na kashe wayar na yi kuka.

Tawa na ɗauka a waya. Amma in na danna na ji, ba ɗaya ba ne, don ni na danna, ba amsa mini aka yi ba. Ta Mama kuwa ba yadda zan ɗauka, sai muryarta take buɗe ta. Na gwada kwaikwayon Mama, na tsaya a ƙofa na yi muryar gajiya irin tata. Sai Kaka ta ce, “Sannu da dawowa, Ɓera.” Ko a cikin na'ura ban iya yi mata wayo ba.

Kullum da yamma ina zama a bayan ƙofar ɗakina ina roƙon yau bakin Mama ya suɓuce. Ba ya suɓucewa. In na gaya mata na karya alkawarin Kaka, kuma wataƙila ta cire wayar sifikar ta sa ta a kwali, in rasa har 'yan kwanakin da suka rage mini. In na yi shiru, abin da Kaka ta faɗa mata zai tafi ba wanda ya ji, kuma ni kaɗai zan san an taɓa faɗa. Ba na iya cin abinci sosai. A makaranta ba na jin abin da ake koyarwa. Ji nake kamar za a sake yin rasuwar, wannan karon ni kaɗai ce a wurin.

Wacce zan zaɓa cikin ukun? Kuma me zan yi da Mama? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Mai takalma a karkace, Takaoka


'Yata,

Kakarki ta yi gaskiya, ban taɓa zama da suruka ba. Amma na binne uwa, don haka zauna ki ji.

Mu fara da mai sauƙin. Ɗauki ƙaramar. Doguwar ta masu kiɗa ce, mai allon kuma za ta kawo rigimar kyamara a gidan da ba ya bukatar wata rigima. Maganar sai an ɗaga murya, a shago kika gwada, cikin hayaniya da idon mutane. A ƙofar gidanku daban ne, kuma kafin a biya a tambaya ko ana iya mayarwa in ba ta ji ki ba. Ki koma wurin ma'aikacin nan, ki gode masa, ki canza tambayar. Kada ki ce a kwashe murya daga tsohuwa. Ki ce kina da sauti a waya, ko ana iya saita sabuwar ta kunna shi in an faɗi wata magana. Wasu suna yi, wasu ba sa yi, shi zai duba miki. Sautin da kika ɗauka kuma ki sake ɗauka a lokacin da gida ya yi tsit, har da tarin, ki ajiye a wuri biyu.

Kawunki ya yi wasa ne don bai san abin da ke ciki ba. Uwarsa ce shi ma. Ki gaya masa a wannan makon, ya rubuta wa kamfanin ya nemi a ba ku abin da aka ajiye kafin a rufe. Ban ce za su bayar ba. Amma wannan aikin babba ne, kin ɗauke shi ke kaɗai ya isa haka.

Yanzu alkawarin. Kakarki ta ce kada ki faɗa don tana so 'yarta ta ji ba zato. Ba ta san 'yar za ta daina magana a ƙofa ba, ba ta kuma san kamfani zai rufe ba. Abin da take so shi ne a ji. In kika riƙe rabin maganarta har ɗaya rabin ya lalace, ba ki cika mata komai ba. Na tabbata da tana nan da ta ce miki, me kike jira.

Sai dai ki duba ta wajen mahaifiyarki. Wadda take tashi duba tukunyar da ba ta kan wuta ba mantawa ta yi ba, ciwon ne bai bari a taɓa shi ba. Tana iya cewa ba za ta iya ji ba. In ta faɗi haka, hakkinta ne, kada ki matsa, kada kuma ki yi mata dabara ki sa ta faɗa ba da saninta ba. Saƙon nata ne. Abin da ba daidai ba shi ne wata ya ƙare ba ta ma san akwai shi ba, domin in ta ji daga baya babu abin da zai gyara. Ki ba ta zaɓi da sauran lokaci a gaba, ba ranar ƙarshe ba. Tsoron kada ta sa sifikar a kwali, shi ma ki faɗa mata ƙarara: kina so a bar miki ita har ƙarshen wata. Uwa ba ta hana wannan.

Ba doguwar magana ake bukata ba. Kaka ta bar miki gaisuwa a cikin sifika, sai kin ce kin dawo za ta fito, kuma ƙarshen wata za ta tafi. Shi ke nan. Ki maimaita a ɗakinki har bakinki ya saba. In ta yarda, ki tambaye ta ko tana so ki tsaya ko ki ba ta wuri, ko kuma a ajiye waya ta ɗauka. In ta yi kuka, ba ki yi ɓarna ba. Ki bar ta, ki dafa shayi. Maganar rashin cin abinci kuma ki gaya wa malamar jinya ta makarantarku, ba abin kunya ba ne.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne wanda na fi so ki riƙe. Kin ce kina zama a bayan ƙofar ɗakinki kina jiran ta ce ta dawo. Wataƙila ita ma tana tsaye a ɗaya gefen tana tsoron ta faɗa ta ji shiru. Kakarki ta ce gida ba ya zama ba mai amsawa. Ba sifika take nufi ba, sifikar riƙon ƙwarya ce. Gobe da kin ji makulli, fito ki tsaya inda Kaka take tsayawa, ki riga ta: sannu da dawowa, Mama. Ko da raɗa ne. Wadda ta haife ki ta fi kowace na'ura sanin muryarki.

Ina yi muku fatan sauƙin zuciya, ke da ita. Kuma ki gyara takalman nan.

Inna Tomoe