Mazubinka Yana Bakin Ƙofa

Baban Zuwena,

Ruwa ya janye, na tafi gonar ciyawar teku. Na bar ka kana ta minshari.

Pandu ya zo da sassafe karɓar falankinsa na hawan teku da lemar iska ke ja, wanda ka ara ka zuba wa filastar gini don ka yi mazubi ka ƙera wa kanka irinsa. Falankin ya ƙi fita daga mazubin. Ashe ba ka shafa masa kakin zuma ba, sun kama juna gam. Pandu ya ce iska ta taso, baƙi na jiransa a bakin ruwa. Sai na miƙa masa taɓarya. Bugu huɗu ya yi, mazubin ya farfashe.

Yana karkaɗe falankin yake tambayata, "Wai wace lema ce za ta ja wannan tumbin na mijinki?" Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba.

Ɓaraguzan kuwa na cike ramin bakin ƙofa da su, wanda kake cewa za ka gyara tun Zuwena na goye. Yau dai aikin hannunka ya amfani gidan nan.

Ka wanke min taɓaryata kafin in dawo.

Mwatima