Baba Na Neman Fita, Ya Kasa Faɗin Dalili

Anti, don Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat.

Mahaifina tela ne, mutum mai surutu. A da ko maɓalli zai ɗinka sai ya yi maka bayanin dalili har ka gaji. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta ɗan dawo, baki ne bai dawo duka ba. Yana iya cewa ruwa, takalmi, ƙofa, amma "saboda" da "don" sun ɓace masa. Sai ya ɗauko magana, ya zo daidai wurin dalilin, ya tsaya yana dukan cinyarsa, hawaye na zuba.

Yanzu kullum da hantsi sai ya jawo sandarsa ya nufi ƙofa. Ranar Talata ina wanki, na fito ban gan shi ba. A bakin babban titi na same shi, takalmi ƙafa ɗaya, manyan motoci na wucewa. Yayana ya ce hankali ne ya gushe, har ya sayo kwaɗo a riƙa kulle shi a ɗaki. Ni kuwa abin da ke cin raina, wani abu yake son cim ma a waje, ko mu yake gudu? Ni nake masa wanka, Anti, yana kau da kai don kunya. Idan ni ce fa?

'Yar Tela

'Yar Tela, sannu da ɗawainiya. Yayanki ba mugunta yake nufi ba, titi ba abin wasa ba ne. Ku sa sakata a ƙofar gida, kada a bar Baba shi kaɗai. Amma rasa kalma daban, rasa hankali daban, kuma likita ne zai tantance, ba kwaɗo ba. Ku koma asibiti, ku nemi masu koya wa irinsu magana.

Ki daina ce masa "me ya sa", nan ne bakinsa ke sarƙewa. Tambayoyinki biyu ne, ki raba su, ki yi masa waɗanda zai amsa da kai. A gida ne wani abu ke damunka? Shagonka kake son zuwa? Wankan kuma, yayanki ya karɓa, namiji ne.

Gobe da hantsi ki sa masa takalmansa duka biyu, ki riƙe hannunsa, ki bar shi ya ja gaba. Duk inda ya tsaya, ya ƙarasa miki maganar da bakinsa ya kasa.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya kwantar miki da hankali.