Ƙyallayena ne suka toshe kwatar layinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsabta na unguwarmu, Birketiri, Yawunde.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni tela ne a saman gangaren layinmu. Ƙara na kawo, amma da kaina zan fara.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, ka san al'adarmu. Da hadari ya haɗu, kowa sai ya kwaso shara ya zuba a kwata, ruwa ya tafi da ita. Ni ƙyallayen ɗinki nake zubawa, buhu guda. Haka na ga ubangidana yana yi, ban taɓa tambayar inda suke zuwa ba.

Na biyu. Ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Ba ya jiran lokacinsa, in kuma ya zo, na mako guda yake jugawa cikin awa ɗaya. Ranar Larabar da ta wuce kwatar ta toshe a ƙasan gangare, ruwa ya afka shagon Malam Buba mai hatsi. Masara, gero, shinkafa, duk sun jiƙe sun fara tsiro. Bawan Allahn nan daga arewa ya zo, bayan fari ya kashe masa gona shekara biyu a jere. Rashin ruwa ya koro shi, yawan ruwa ya gama da shi a nan. Yanzu yana shirin komawa da iyalinsa inda babu abin komawa.

Da muka fito yashe kwatar, abin da muka zaro dunƙulen shadda da atamfa ne. Na gane yankan almakashina. Wallahi don kunya na ci gaba da yasa kamar ba nawa ba ne.

Na uku, naku laifin. Tun bara aka ɗauke kwandon sharar bakin layi, sau uku muna zuwa ofishinka ana cewa mu dawo. Kwatar kuwa an gina ta ne don ruwa irin na da, ba na yanzu ba. Shaguna uku sun rufe a ƙasan layi, masu saye sun koma kasuwar Mokolo, har ni da nake kan tudu ɗinki ya ja baya. Ina kasuwa za ta ci gaba, kowace damina ana komawa farko?

Roƙona: a dawo da kwandon, a faɗaɗa kwatar, a hana zuba shara da hadari, a fara cin tara daga kaina. A samar wa Malam Buba wuri a kan tudu kafin ya ɗaure kaya. In babu, na ba shi rabin shagona.

Jiya ya zo har shago yana yi mini godiyar taya shi kwasar ruwa. Na kasa kallon idonsa. A karanta masa wannan takarda, a nan zai ji gaskiya.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon gyarawa, ni kuma ya yafe mini.

Wassalam.
Sule Tela, Birketiri.