Ta'aziyyar da Aka Goge

Garwa, ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Halime, mai kula da zauren danginmu na waya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Bogo baki ɗaya.

Ni ne Baffanki Abdulbaƙi, kuma da hannuna na rubuta wannan takarda, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Jiya, da labari ya iso mini cewa aminina Brahim ya rasu a Maga, na zauna na rubuta ta'aziyyarsa na sa a zauren. Ita ce rubutuna na farko a gaban jama'a tun da na gama ajin manya. Kafin in idar da la'asar kin goge ta.

Na tambayi maƙwabcina Georges, wanda yake aiki a kotu, ko doka ta ba ki wannan iko. Ya ce wanda aka ba riƙon zaure yana iya share abin da aka sa a ciki. Ban gamsu ba. Maganar tawa ce, mamacin ma nawa ne, tare muka fara sayar da bandar kifi muna samari. Ina neman ki mayar da ita, ko ki bayyana mini dalili.

Wassalam, Baffanki Abdulbaƙi.

Bogo, Laraba

Baffa, ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba Brahim.

Wallahi ba raini ba ne. Na karanta ta har ƙarshe, sai da na yi kuka inda ka ce kullum yakan ajiye maka kan kifi. Amma Baffa, 'yarsa Kaltouma tana cikin zauren. Tana Tibati, cikinta ya tsufa, mijinta kuma yana can wajen kamun kifi a Mbakaou. Ba a faɗa mata ba tukuna. Ka fi ni sanin ba a ba mai tsohon ciki labarin mutuwa sai wani babba ya zaunar da ita. Na ga ba ta buɗe ba, na yi sauri na goge.

Mutanen gidansu duk suna zaman makoki, an rasa mai zuwa Tibati ya faɗa mata. Jiya Kaltouma ta tambaye ni me ya sa wayar babanta ba ta shiga, na ce rezo ne, layin waya ba ya kamawa. Ba zan iya sake yi mata ƙarya ba.

Ka yafe mini. 'Yarka, Halime.

Garwa, ranar Juma'a

'Yata Halime, assalamu alaikum.

Na karanta takardarki, na kuma janye ƙarata gaba ɗaya. Gobe da asuba zan shiga motar Ngaundere, daga can in wuce Tibati. Ni na yi wa Kaltouma huɗuba ranar da aka haife ta, ni ya kamata in zaunar da ita. Ki riƙe zauren shiru har sai na kira ki.

Tun safe nake neman kalmar da zan fara da ita, ban samu ba. Ki sa ni a addu'a.

Allah ya yi miki albarka. Baffanki.