Kafaɗar Sani

Daren Laraba, bayan girbi

Ban faɗa wa kowa ba. Na ga ƙanena Sani bayan rumbu, yana danna kafaɗarsa da ta goce wajen kokowa. Ya ce, "Yaya, ki rufa mini asiri. Lahadi zan kara a Tibiri gaban kumandan mai mulkin yankinmu." Baba ya riga ya gaya wa duk unguwa zancen karawar.

Na kasa cin tuwo. Haka Kawu Illo ya shiga fili da ciwo yana yaro, yau ko hauya hannun ba ya ɗagawa.

Ko a lakwal, cikin aji, ban iya ɗaga murya ba. Amma gobe, in na kai wa Baba fura, zan durƙusa in ce a kira maɗori. Sani in ya so ya yi fushinsa.