Karen da aka bari ɗaure a kamfanin fata

Assalamu alaikum masu karanta wannan fili. Malam Edita, a sakaya sunana, kuma a yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya. Don Allah ku ba ni shawara, a kan kare ne, na san wasu za su yi dariya.

Ni mai sayar da shinkafa da wake ce a ƙofar wani kamfanin fata a Challawa. Da wannan ostariti ta zo, wato matsin tattalin arziki, aka rufe shi, aka sallami ma'aikata har da maigidana, manaja ya koma ƙasarsu. Karen gadi kuwa aka bar shi ɗaure bayan get. Kukansa nake ji in na zo wucewa, har ya daina kukan, wannan ne ya fi tsorata ni. Na roƙi wani mai walda ya yanke sarƙar. Wuyan duk ya ruɓe, har tsutsa. Na kai shi gida Sharada, ina wanke ciwon da ruwan gishiri, ina ba shi ƙanzo. Yarana suka sa masa Tsira.

Maigida bai so ba, ya ce gidan da ake salla ba a ajiye kare, na ce a bayan katanga zai zauna har ya warke. Kuma wallahi da rana kamar tunkiya yake, kaji ma a jikinsa suke kiwo. Abin da ban sani ba, a kamfani sai an busa jiniyar tashi ta yamma ake kwance shi, kuma an koya masa duk wanda ya gani da kaya a lokacin ɓarawo ne. Mu kuwa nan jiniyar kamfanoni a kanmu take. Da ya samu ƙarfi, ran nan ana busawa Malam Idi mai garuwa ya zo wucewa ɗauke da ruwa, Tsira ya kama shi a sha-raɓa. An yi masa ɗinki da allurai, har yau bai koma ɗiban ruwa ba, ga iyali. Na je gaishe shi, bai ce mini komai ba sai "ba komai, Hajiya", gara a ce zagina ya yi.

Mai unguwa ya aiko, ko in fitar da shi kafin Juma'a ko a kira mai bindiga. Maigida ya ce harbin ma jinƙai ne, mun yi cacar baki, abin da ba mu saba ba.

Wani kamfani a Bompai suna son karen, cizon ma shi ya burge su, har nama za su riƙa ba shi. Amma sarƙa ce dai, a wuyan da bai gama haɗewa ba. Ƙawata Maman Ladi 'yar Kudancin Kaduna har kuka ta yi tana so, sai dai layinmu ɗaya, ga ta da mai rarrafe. Saura Kawuna a ƙauye can gaba da Kumbotso, yana neman mai tsare masa tumaki. Can babu jiniya, a raina nan ne gidansa. To amma ban sani ba, jiniyar ce kaɗai ke tayar da shi, ko faɗuwar rana ma ta isa? A daidai lokacin ne 'yan mata ke dawowa daga daji da itace a ka.

Kawu ya aiko da tambaya guda, ba ya dai cizo ko? In na faɗa masa na san ba zai karɓa ba, jikoki ne cike da gidan. In na yi shiru, ko Tsira ya zauna lafiya har ya tsufa, ko in ji labarin ɗiyar wani.

Ɗan aiken zai biyo jibi. Iyayena da 'yan'uwana, me zan ce masa?